Kafin Ka Aika Kuɗin Babur, Ka Tambayi Tayarsa

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan reshen Madina, wanda ya daɗe yana sana'ar taya, ya gabatar a zaman ƙungiya na wata-wata. Mun buga shi bisa roƙon waɗanda suka halarta, domin 'yan'uwa na gida su ma su karanta.

Ina gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama.

Na san da aka sanar cewa maganar yau a kan tayar babur ce, wasu sun ce a ransu, duk matsalolin da ke gabanmu sai taya? To ku ba ni aron kunnuwanku. Da wuya a cikin wannan ɗaki a sami wanda bai taɓa aika kuɗi gida don a saya wa ƙane ko ɗa babur ba, ko kuma ba ya shirin yin haka. Bayan abinci da kuɗin makaranta da hidimar aure, babur ne jarin da muka fi kafa wa na gida. Ga kuma samarinmu a nan Madina da ke aikin kai saƙon abinci a kan babur. Idan za mu saya, muna tambayar sunan kamfani, da farashi, da shan mai, har da launi. Ba mu cika tambayar taya ba. Alhali duk nauyin babur da na mutanen da ke kansa, da birki, da kwana, suna dogara ne a kan wurare biyu da roba ke taɓa ƙasa, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba. Mota tana da taya huɗu, in ɗaya ta fashe saura uku. Babur in ta gaba ta fashe yana cikin gudu, mai shi yana ƙasa.

Abin da nake so mu tafi da shi yau guda ɗaya ne: kowace taya tana ɗauke da bayanin kanta a rubuce a gefenta. Wanda ya iya karanta wannan rubutu ba za a sayar masa da tayar da ba ta dace da baburinsa ba, ko yana Madina ne mai sayarwar yana Ƙofar Ruwa a Kano.

Girman taya

Mu fara da manyan lambobin. A baburan da aka fi hawa a gida, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, za ka ga rubutu kamar 2.75-17 ko 3.00-17 ko 3.00-18. Lambar farko faɗin tayar ce da inci. Ta biyu kuma girman wilin da za ta hau ne, shi ma da inci. Wato 3.00-17 taya ce mai faɗin inci uku, ta wili mai inci 17. Baburan da ake kira roba-roba galibi suna ɗaukar 2.50-17 a gaba da 2.75-17 a baya. Ƙaramar Boxer galibi 2.75-17 ce a gaba, 3.00-17 a baya.

Akwai wani salon rubutun, kamar 100/90-17. A nan 100 faɗin tayar ne da milimita, 90 kuma tana nufin tsayin gefenta kashi 90 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 90. Ita 17 ɗin tana nan a matsayin girman wili. Ƙananan baburan da ake kai saƙo da su a nan suna da wili mai inci 10 ko 12 ko 14, don haka za ka ga lambobi kamar 90/90-12.

Lambar ƙarshe ba ta da ciniki. Tayar 18 ba ta zama a kan wilin 17, ta 17 kuma ba ta hawa 18, kuma duk mai facin da ya ce zai tilasta ta da ƙarfe, ka karɓe wilinka ka yi gaba. Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne faɗi. Samari suna son taya mai faɗi a baya don babur ya yi kwarjini, suna ganin ta fi kama ƙasa. Amma shi ma wili yana da nasa faɗin, an buga shi a jikinsa, kamar 1.60x17 ko 1.85x17. In ka cusa taya mai faɗi a siririn wili, sai bakinta ya matse, bayanta ya yi tsini. Wurin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru yadda ake zato ba, tsakiyar ce za ta riƙa cinyewa da sauri, a kwana kuma babur ya riƙa faɗawa ba tare da ka nufa ba. Wani lokaci gefen tayar ya riƙa gogar sarƙa, ko ƙarfen da ke riƙe da wilin baya, in an ɗora kaya. Mai kuma ya ƙaru. Girman da kamfani ya rubuta a littafin babur, ko a 'yar takardar da ke manne kusa da sarƙa, shi ne abin bi.

Nauyin da taya ke iya ɗauka

Bayan girma akwai lamba biyu da harafi ɗaya, kamar 41P ko 50P ko 55P. Ita ce lambar da ta fi shafar mutanenmu, kuma ita aka fi tsallakewa. Lambar tana nuna iyakar nauyin da tayar za ta ɗauka. Ga kaɗan da ya kamata a haddace: 41 tana nufin kilo 145, 45 kilo 165, 50 kilo 190, 52 kilo 200, 55 kilo 218, 57 kilo 230. Harafin kuma iyakar gudu ne: J kilomita 100 a awa, L 120, P 150.

Gudun bai dame mu ba, baburanmu ba sa kai can. Nauyin ne abin dubawa. Mu yi lissafi tare. A ce babur yana da nauyin kilo 110. Direba kilo 65, fasinja biyu kowanne kilo 65. Jimla kilo 305. Da yake fasinjoji a baya suke zaune, a ce kashi biyu cikin uku na wannan nauyi yana kan tayar baya. Wannan ya haura kilo 200. In tayar 50P ce, iyakarta 190, an riga an wuce. Yanzu ku cire fasinja ɗaya ku sa buhun masara mai kilo 100 a kan kariya ranar kasuwa, ku sake lissafin da kanku.

Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba nan take take fashewa ba. Gefenta ne ke lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da zaren da ke cikinta a hankali. Ranar da za ta tashi, sai a ce ai ba ta taka komai ba. Ta daɗe tana mutuwa daga ciki.

Saboda haka babur ɗin haya ko na ɗaukar kaya yana bukatar tayar baya mai lambar nauyi sama, a daidai girman da kamfani ya ce. Za ku ga an rubuta 4PR ko 6PR ko 8PR, wanda ke nuna ƙarfin saƙar da ke cikin tayar. Ga ɗan acaɓa, 6PR a baya ta fi 4PR dacewa. Kada dai a sa wadda lambar nauyinta ta gaza wadda babur ya zo da ita. Kuma ko mai ƙarfin ce, ba ta mayar da babur a-kori-kura ba.

Shekarun taya

Na uku, ku nemi lambobi huɗu da ke cikin wani ɗan zagaye mai tsawo a gefen taya, sau da yawa a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1524, an ƙera ta a mako na 15 na shekarar 2024, wato cikin watan Afrilu.

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi da iska suna busar da ita har ta taurare ta fara tsattsagewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin Michelin yana shawartar a riƙa kai taya wurin masani duk shekara da zarar ta kai shekara biyar, kuma kada ta wuce shekara goma ko da zanenta yana nan. Wannan iyaka ce ta ƙarshe. A zafi irin na Madina ko na Sakkwato da Maraɗi, taya ba ta kai nan lafiya.

Me ya sa wannan ya shafe mu sosai? Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, yawancin tayoyin da ke kasuwannin Najeriya daga waje suke zuwa, daga Sin da Indiya da sauran ƙasashen Asiya. Taya tana kwana a jirgin ruwa, ta kwana a tashar Legas, ta kwana a sito, sannan a rataye ta a bakin shago rana tana dukanta. Tana iya zama sabuwa fil a leda alhali ta shekara huɗu. In za a saya, a nemi wadda ba ta wuce shekara biyu da ƙerawa ba. In babu lambar kwata-kwata, ko an kankare ta, a bar musu kayansu.

Ita kuwa tayar gwanjo, wadda ake kira 'yar Kwatano, tana cikin jerin kayan da hukumar Kwastan ta Najeriya ta hana shigo da su, in ban da manyan tayoyin tirela da ake sabuntawa. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da hukumar SON mai kula da ingancin kaya sun sha yin gargaɗi a kanta. Dalilin a bayyane yake: wani ne ya cire ta ya jefar, kuma ba ka san abin da ya gani ba. Araha ba ta ado.

Zanen taya da irin hanya

Girma ɗaya, amma zane iri-iri. Tayar kwalta tana da siraran layuka, roba mai yawa tana taɓa ƙasa, tana kama birki sosai, tana kuma daɗewa. Taya mai haƙora, wadda ke da gunduwa-gunduwar roba da rata a tsakani, an yi ta ne don ta nutse a yashi da taɓo ta kama. A kan kwalta tana ƙara, tana saurin cinyewa, kuma in an yi ruwa tana da santsi. Akwai ta tsakiya, mai haƙora gajeru a jere kusa da juna.

Tambayar da za ka yi wa ƙanenka ita ce: ina babur ɗin zai fi yin aiki? Tun watan Janairun 2013 da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, yawancin baburan haya da muke saya a wannan yanki suna aiki ne tsakanin ƙauyuka da kasuwanni, rabin hanya kwalta, rabi burji, wani wuri yashi, da damina kuma taɓo. Ga irin wannan aiki ta tsakiyar ce ta dace a baya. Ma'aikacin da ke zuwa ofis a cikin Katsina ko Zariya tayar kwalta ta ishe shi. Wanda ke shiga gona da fadama kullum shi ne mai bukatar haƙora sosai.

A lura kuma, tayar gaba da ta baya aikinsu daban. Ta gaba ita ke juya babur, ita ke ɗaukar mafi yawan birki. Ta baya ita ke turawa da ɗaukar kaya. Wasu tayoyin an rubuta musu F ko R, ko kuma kibiya mai nuna inda za su juya. Ka tsaya a kan mai faci ka ga kibiyar ta kalli gaba. Al'adar nan ta cire tsohuwar tayar baya a mayar da ita gaba don a yi tattali, ita ce tattalin da ya fi kowanne tsada.

Mai tiyub da marar tiyub

In an rubuta TT, tayar tana bukatar tiyub. In TL ce, ba ta bukata. Wili mai wayoyi irin na keke yana zubar da iska ta ramukan wayoyin, don haka dole a sa masa tiyub, ko da tayar TL ce. Wilin alminiyam da aka zuba shi ne ke karɓar marar tiyub, in kamfani ya yi shi don haka.

Amfanin marar tiyub shi ne in ƙusa ta shiga, iskar tana fita a hankali, ka samu ka tsaya. Mai tiyub tana iya sacewa lokaci guda. Ga masu aiki a titunan Madina cikin motoci masu gudu, marar tiyub ce zaɓi. Amma a ƙauye, inda ƙayar aduwa ke jiran kowa, kuma rami ke lanƙwasa bakin wili, mai tiyub tana da nata amfanin: kowane mai faci zai gyara ta, wilin waya kuma ana miƙe shi. In an sa sabuwar taya, a sa sabon tiyub daidai girmanta, a duba robar da ke rufe kawunan wayoyin. Huda a tsakiyar taya ana gyara ta. Tsaga a gefe ba ta da gyara, ko da an shimfiɗa guntun tsohuwar taya a ciki.

Iska da zafin Madina

Yanzu ga samarinmu na nan. Tun farkon 2024 hukumar sufuri ta Saudiyya ta tsara cewa baƙi masu aikin kai saƙo su riƙa yi ta hannun kamfanoni, don haka da yawanku babur ɗin ba naku ba ne. Amma jikin da zai daki kwalta naku ne. Kafin ka karɓi babur, ka tsuguna ka karanta tayarsa. In ta suɗe ko ta tsage, ka ɗauki hoto ka nuna wa mai kula da ku, ka nemi a canza.

Kun san bazarar garin nan. Daga Yuni zuwa Satumba zafin rana yana haura digiri 40 kusan kullum, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Ƙaramin wili yana juyawa sau da yawa fiye da babba a kowace kilomita, ga akwatin saƙo a can baya, ga doguwar tafiya a titin Sarki Abdullah da tsakar rana. Duk wannan zafi ne a kan zafi.

Mutane da yawa suna rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe. Wannan shi ne ke fasa ta. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa kamar wadda aka yi wa lodi, ta yi zafi ta tashi. Iska ana auna ta ne da safe kafin a hau, lokacin da taya ke da sanyi. In ka auna da rana ka ga ta ƙaru da maki uku ko huɗu, haka ya kamata, kada ka sace ta. A ƙananan babura galibi ana sa wajen 25 a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da fasinja ko kaya, amma abin da ke rubuce a jikin baburinka shi ne hujja. Ku sani kuma, nauyin da na lissafa ɗazu taya ba ta ɗaukarsa sai in iskarta ta cika.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan iskar taya ido bai san kima ba, yatsa ma haka, duka da ƙafa ma haka. Ɗan geji na aljihu ba shi da tsada, ana samunsa a wuraren banshar da shagunan kayan mota. Wannan shi ne tsarabar da ya kamata ta shiga jakar duk mai tafiya gida.

Abu biyu na ƙarshe a nan. Ruwan sama a Madina ba ya yawa, shi ya sa in ya sauka yake haɗuwa da man da ya taru a kan kwalta wata da watanni, titi ya zama kamar an zuba sabulu. Haka ruwan farko yake a gida. Sannan sabuwar taya tana da santsi a kilomita ɗari na farko ko fiye, a bi ta a hankali.

Yaushe za a canza?

A kafaɗar taya akwai ɗan alama mai kusurwa uku, ko haruffan TWI. Ka bi shi zuwa cikin zanen, za ka ga ɗan tudu a ƙasan kwarin. Ranar da saman taya ya yi daidai da wannan tudu, ta gama aiki. A Ingila doka ta hana hawan babban babur da zanen tayarsa ya gaza milimita 1. Mu kuwa sai zare ya fito muke cewa ta ci. Kumburi a gefe, tsaga mai zurfi, ko tsakiyar da ta baje ta zama shimfiɗa, kowanne dalili ne na canji nan take. Lokaci mafi kyau na sa sabuwa a gida shi ne ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka.

Shawarata ga ƙungiya

Ina roƙon shugabanni su duba abubuwa uku.

Na farko, duk wanda zai aika kuɗin babur ko na taya, ya ce a turo masa hoto uku ta WhatsApp kafin a biya: hoton girma da lambar nauyi, hoton lambobi huɗun nan na shekara, da hoton zanen. Ba sai an sayi taya a nan an tura ta kago ba. Kuɗin ɗauka zai ci ribar, girman kuma bai zama lalle ya dace ba.

Na biyu, in ka ba yaro babur yana kawo balas, ku yi yarjejeniya tun ranar farko cewa wani kaso za a riƙa warewa kullum don taya da birki, a ajiye a hannun wani dattijo ko uwar adashi. Yaron da aka matsa wa da balas ba zai canza taya ba sai ta kayar da shi, domin a ganinsa kuɗin abincinsa ne zai tafi. Mu da muke nesa muna tambayar nawa aka tara, ya kamata mu riƙa tambayar yaushe aka canza ta baya.

Na uku, reshen gida ya samo amintaccen mai faci ko makanike ya zauna da samarin da muka saya wa babura, sau ɗaya a shekara kafin damina, a duba kowane babur, a koya musu wannan karatu.

Iyayenmu mata, ku ma da ku nake. Da yawanku ku ke haɗa kuɗin nan da guminku, kuma maganarku ce yara suka fi ji. Ba sai kin san inji ba kafin ki ce a karanto miki lambobi huɗu.

Mun sha zama a wannan ɗaki muna haɗa gudummawar wanda ya karye, muna aika kuɗin asibiti da ya ninka kuɗin taya sau da yawa, babur ɗin kuma yana jingine a zaure watanni ba ya kawo ko sisi. Rigakafi ya fi magani. Wanda ke da tambaya a kan baburinsa ko na ɗan'uwansa, ya kawo mini hoton tayar bayan an tashi, mu karanta tare.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema.